Ƙidaya Mai Zuwa: A Wuce Zaure, A Tambayi Matan Gida

A Kano, ko a majalisa ko a wurin biki, da wuya a yi hirar aure ba a ce mata sun fi maza yawa ba. An faɗa har ya zama kamar karatu. Amma ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Najeriya, ba haka ta nuna ba. Ta ba Jihar Kano mutum 9,401,288: maza 4,947,952, mata 4,453,336. Wato maza sun ɗara mata da kusan rabin miliyan, maza 111 ga kowace mace 100.

Ni ban yarda da maganar majalisa ba, amma wannan tazarar ma ba ta kwanta mini ba. Gaskiya ne ana ɗan haifar maza fiye da mata a ko'ina a duniya, kuma birnin Kano yana jan 'yan ci-rani da almajirai da 'yan kasuwa daga Jigawa da Katsina har da Nijar, galibinsu maza. Mutuwar mata wajen haihuwa ita ma tana rage mana su, abin da ya kamata ya hana mu barci. Sai dai akwai wani dalili da duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san shi. Ma'aikacin ƙidaya namiji iyakarsa zaure. Maigida ne zai fito ya lissafo iyalinsa, yana sauri, yana jin nauyin ambaton matansa ga baƙo. Ga kuma tsohuwar al'adarmu ta ƙin ƙirga 'ya'ya don gudun baki. A irin wannan lissafi wa ake mantawa? Jaririyar da ke goye, da 'yar riƙo, da yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, da gwaggo bazawara da ke ɗakin baya. Kusan dukansu mata ne.

Batun iya karatu da rubutu ya fi ci mini rai. Tambayar ƙidaya ita ce ko mutum yana iya karatu da rubutu a wani harshe, kowane iri. Amma idan tambayar ta iso zaure, sai ta koma "Ta yi boko?" Maigida ya ce a'a, a wuce. Alhali matar nan tana zuwa Islamiyya da dare, ta sauke Alƙur'ani, tana rubuta bashin masu sayen ƙuli-ƙulinta da ajami, wata ma da littattafan Balaraba Ramat Yakubu ta ƙware a karatun Hausa. A ƙasar da Nana Asma'u ta kafa ƙungiyar ilimantar da mata ta 'yan taru tun ƙarni na 19, kuma a jihar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, bai dace a rubuta irin wannan mata a layin jahilai ba. Ba ina cewa babu giɓi tsakanin maza da mata a ilimi ba ne. Akwai shi, babba ma, musamman a karkara inda ake cire yarinya daga makaranta kafin ta gama firamare. Amma gwamnatin da ba ta bambance wadda ba ta san harafi ba da wadda boko kaɗai ya rage mata, ba za ta san inda za ta kai malamai ba.

Mun saba ɗaukar ƙidaya a matsayin gasa da Legas, wadda aka ba 9,113,605 a 2006 ta ce ba ta yarda ba. Wannan gardamar ta cinye hankalinmu, muka bar duba abin da ke cikin alƙalumman namu. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, gwamnatin Buhari ta ɗage ta ana saura kwanaki, aka ci gaba da tsara asibitoci da azuzuwa bisa hasashe.

Duk ranar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tashi aiki, ina roƙon kowane ayari da zai zaga ƙananan hukumomin Kano 44 ya kasance da mace a ciki, wadda za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida. Malaman Islamiyya mata da ungozomomi da ma'aikatan rigakafin shan-inna sun riga sun san ƙofofin nan, an kuma saba buɗe musu. Masu unguwanni da limamai su sanar tun da wuri cewa kowace mace ita za ta amsa da bakinta, kuma a gaya wa ma'aikata ƙarara cewa mai ajami da mai Larabci duk masu karatu ne.