Sandar ƙwararre ba ta ɗan koyo ba ce

Masu tallar kayan golf suna yaudarar ƴan koyo da sandunan ƙarfe irin na Tiger Woods. Kan sandar ƙarami ne, siriri, nauyinsa a tsakiya: ka kuskure tsakiyar ko kaɗan, ƙwallo ta kauce, tafin hannu ya ɗauki zugi. Ɗan koyo fa? Tasa ita ce mai rami a baya, irin wadda kamfanin Ping ya yi suna da ita, mai yafe kuskure. Tiger kansa da guntuwar sandar da babansa ya yanke masa ya fara.

Iyaye, wannan cutar har lakwal ta iso. Jiya wani uba ya kawo wa ɗansa na CI ƙaton ƙamus na Larousse, yaron da bai gama gane baƙaƙe ba!