Daga Motar Kara Zuwa Jirgin Sama: Kira Ga Malaman Kimiyya

Duk wanda ya ratsa Nariya ko wani ƙauye na ƙasar Kibiya da Rano bayan an yanke dawa, ba zai rasa ganin yara zaune a gindin bishiya suna fere kara ba. Da reza da sillen kara da totuwa suke ƙera mota, har da ƙafafu da sitiyari. Amma da zarar yaro ya shiga sakandare sai a ce masa ya bar wasan banza ya kama karatu. Wannan kuskure ne babba, domin hannun da ya iya ƙera motar kara ya riga ya yi rabin tafiya zuwa ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama wanda ake sarrafa shi da rimot daga ƙasa.

Tarihi ma shaida ne. Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan biyu na Amurka, masu gyaran keke ne, kuma sha'awar tashi sama ta shige su ne tun suna yara, sa'ad da mahaifinsu ya kawo musu wani abin wasa mai tashi da ƙarfin roba. Sun yi shekaru suna gwada jirage marasa inji kafin na farko mai inji ya tashi a 1903, ya yi daƙiƙa 12 kacal a sama. Shekara 22 bayan haka, a 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya. A 2007 kuwa wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har labarinsa ya zagaya duniya. Ashe ba basira ce ta yi ƙaranci ba, mai ɗora yaro a kan hanya ne ake rashi.

Hanyar kuwa ba ta farawa daga kasuwa. Da rarrafe yaro kan tashi. Matakin farko shi ne jirgi marar inji, wanda ake cillawa da hannu. Kyauro ko tsinken gora ya isa yin gangar jiki, farin soson nan da ake naɗe firiji da talabijin ya isa yin fiffike da wutsiya, sai gam da zare. A nan ne ɗalibi zai koyi abin da ya fi kome muhimmanci, wato daidaita nauyi. Idan aka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, ya kamata ya tsaya daidai a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken, in an auno daga gaba. In nauyi ya koma baya, jirgi zai ɗaga hanci ya tsaya cik ya faɗo. In ya yi gaba da yawa, sai ya kifa ƙasa.

Malamin wannan darasi yana nan kullum a sararin samaniya, ba ya karɓar ko kwabo. A dubi shirwa yadda take shawagi a kan kasuwa ba tare da kaɗa fiffike ba, tana murɗa wutsiya don ta juya. A dubi ungulu yadda take hawan iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa da rana. Fiffike yana tura iska ƙasa, iska kuma ta tura shi sama. Haka nan idan aka ɗan ɗaga bakin fikafikan biyu sama, jirgin da ya karkata yakan miƙe da kansa, kuma wannan shi ne gatan ɗan koyo.

Sai jirgi ya iya shawagi sumul sannan a yi maganar kuɗi. Abubuwan da ba makawa sai an saya su ne rimot da 'yar na'urar da ke karɓar saƙonsa a cikin jirgi, ɗan injin lantarki da farfela da na'urar daidaita gudunsa, batir, da 'yan injina biyu masu jan wutsiya sama da ƙasa, hagu da dama. Fiffike mai tsawon mita ɗaya ya wadatar.

Wani zai ce iyayen da ke fama da kuɗin taki ina suka ga na rimot? Gaskiya ne, ɗalibi ɗaya ba zai iya ba. Amma ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya, domin rimot ɗaya yana yi wa jirage da dama aiki, kuma in jirgi ya faɗi soso da kara ne suka karye, sai a cire kayan lantarkin a mayar a wani. Wani kuma zai ce lokacin shirin jarrabawa ne ake ɓatawa. To, ɗalibin da ya auna fiffike, ya lissafa faɗinsa, ya haɗa waya da batir, ya rubuta dalilin kowace faɗuwa, ai fiziks da lissafi yake yi da hannunsa, a makarantar da watakila ɗakin gwajinta babu kome sai ƙura.

Sai dai a yi hattara. Batirin irin waɗannan jirage yana iya kamawa da wuta in aka huda shi ko aka cika masa caji, farfela kuma tana yanka yatsa. A tashe shi a fili nesa da gidaje da dabbobi da wayoyin lantarki, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, a kuma cilla shi yana fuskantar iskar. Kada a kusanci filin jirgi ko barikin soja, kuma malami ya binciki dokokin hukumar kula da jiragen sama, ya sanar da dagaci.

Jihar Kano ce ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Ba kowane yaron Nariya ne zai samu gurbi a can ba, amma kowanne yana da kara a gonarsu. Abin da ya rage shi ne malamin da zai ware yammacin rana ɗaya a mako, ya ce wa yara su zo da reza da sille.