Daga Gindin Dutsen Mora: Ashe Gafiya Ma Tana Ɗaukar Karatu

 

Zancenmu na wannan wata a kan ɓera ne da gafiya. Mun san wasu za su ce mai wannan fili ya rasa abin faɗa, amma a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe. Abin da ya tayar da zancen shi ne hotunan nan da yara suke nuna wa juna a waya, inda Bature zai jefa ɗan ƙwallo, ɓeran da yake kiwo ya ruga ya ɗauko ya sa masa a tafin hannu. Manya suna cewa siddabaru ne ko haɗin kwamfuta, yara kuwa har sun fara ɗana tarko a bayan rumbu don su ma su sami nasu. Manya da yaran duka akwai abin da ya kamata su ji.

Da farko dai abin gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne. Tun cikin 1937 wata mujallar Amurka mai suna Life ta buga hotunan wani ɓera da wani malamin jami'a, B. F. Skinner, ya horar. Ɓeran yakan ja zare ƙwallon gilashi ya faɗo, ya ɗauke shi da ƙafafunsa na gaba, ya kai shi bakin wani bututu ya jefa, sa'an nan abinci ya fito masa. Malamin bai yi masa tsafi ba. Aikin ya gutsuttsura ƙanana-ƙanana, duk guntun da ɓera ya yi daidai ya ba shi lada nan take.

Haka masu kiwon nan suke yi har yau. Sai ɓera ya saba da hannun mai shi tukuna, ya daina gudu, ya riƙa karɓar abinci daga yatsunsa. Daga nan a zaɓi wata 'yar ƙara guda, kamar ƙyas ɗin ɗan ƙarfe ko na harshe, duk sa'ad da aka yi ta a miƙa masa ƙwayar gyaɗa, har ya gane cewa wannan ƙara ma'anarta an gode, ga lada. In wannan ya zauna, sai a ajiye masa ƙwallo. Ya sansana, ƙyas, gyaɗa. Bayan 'yan kwanaki sansanawa ba ta isa, sai ya ɗaga da baki. Gaba kaɗan sai ya taka da shi, gaba kuma sai ya juyo wajen mai shi, a ƙarshe sai ya sake shi a hannu. Karatun ba ya wuce minti biyar a zama ɗaya, kuma da yamma ake yi, don ɓera ɗan dare ne. In ya kuskure, ladan kawai ake hana shi, a koma matakin baya. Ba duka, ba tsawa, don ɓeran da ya tsorata ba ya koyon kome sai ɓuya.

Akwai dabara guda a ciki wadda kowane mai rumbu zai gane. Ɗaukar abu a kai rami halin ɓera ne tun fil'azal, shi ne ma muke kira sata. Mai horarwa bai koya masa ɗauka ba, inda zai kai kayan kawai ya sauya masa. Gafiya ta fi shi ma, don Allah Ya yi mata jaka a kumatu biyu inda take cusa hatsi, abin da ya sa Bahaushe ya ce gafiya tsira da na bakinki.

To ga inda wasa ya zama aiki. Wani mutumin Beljiyam, Bart Weetjens, wanda ya yi kiwon ɓeraye yana yaro, ya kafa wata ƙungiya mai suna APOPO cikin 1997 don ya gwada ko hancin ɓera zai iya gano nakiyar da aka binne. Cikin 2000 aka mayar da aikin garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine. Dabbar da suka zaɓa kuwa gafiya ce, irin ta kudancin Afirka, 'yar'uwar wannan tamu da yara suke tura wa hayaƙi a rami. Dalilansu a fili suke. Ganinta rauni gare shi amma hancinta kaifi, tana iya kai shekara 8 a hannun mutane alhali ɓeran kiwo na Turawa ba ya wuce 2 zuwa 3, ta saba da cututtukan ƙasashen zafi, kuma nauyinta bai fi kilo ɗaya da rabi ba, don haka ko ta taka nakiya ba ta tashi.

Makarantar tasu ba ta bambanta da ta ƙwallon nan ba. Tun 'ya'yan suna 'yan makonni ake saba musu da mutane da ƙarar mota da hayaniya. Sai ƙyas da loma ta ayaba. Sai a haɗa ladan da warin sinadarin TNT da ke cikin nakiya, a kawo wasu warin don ta koyi bambancewa, sa'an nan a fita fili inda aka binne nakiyoyin da aka cire wa kunama. Karatun yakan ci wata tara zuwa shekara, kuma akwai jarrabawa, wadda ta tsallake nakiya ko guda ta faɗi. A wurin aiki mutum biyu ne suke tsayawa gefe da gefe a ƙasar da aka riga aka share, da igiya a tsakaninsu, gafiya tana sanye da ɗamara tana kai da kawowa a jikin igiyar. In ta ji wari sai ta tsaya ta yi ta karce ƙasa, a sa alama, masu tonowa su zo daga baya. Tun da wari take bi, ba ta ɓata lokaci a kan ƙusa da gwangwani kamar na'urar neman ƙarfe. Ƙungiyar ta ce filin da gafiya take gamawa cikin minti 30 yana iya cin mai na'ura kwana huɗu.

Sun yi aiki a Mozambik, ƙasar da ta ba da sanarwa cikin 2015 cewa ta share duk filayen nakiyar da aka sani. Sun yi a Angola da Kambodiya. A Kambodiya ne wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiya 71 da wasu harsasai da bama-bamai 38 da ba su fashe ba, har wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila, PDSA, ta rataya masa lambar zinariya cikin 2020. Ya mutu cikin Janairun 2022 yana da shekara 8. Cikin 2025 wani mai suna Ronin ya wuce shi, inda ya gano nakiya 109.

Bugu da ƙari, tun 2007 ake amfani da su a Tanzaniya wajen gano tarin fuka, daga baya aka kai aikin Maputo da Addis Ababa. Ana tattaro kakin da asibitoci suka riga suka duba, a kashe ƙwayoyin da zafi, a jera a ƙarƙashin ramuka goma. Inda gafiya ta tsayar da hanci, sai a sake duba wannan kaki da na'ura kafin a aika wa asibiti ta nemo mai shi. Tana bi ta kan kaki 100 cikin minti 20. Ta haka an gano dubban masu ciwo waɗanda aka sallama da farko aka ce ba su da kome.

Mu mutanen Mayo-Sava ba sai an yi mana bayanin nakiya ba. Tun 2014 da fitinar Boko Haram ta tsallako, hanyoyin Kolofata da Amcide da Limani da Kerawa sun ci sojoji da direbobi da makiyaya, kuma a nan Mora ne hedkwatar sashe na ɗaya na rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi. Akwai gonakin dawa da na albasa da masu su suka bari don tsoron abin da ke ƙarƙashin ƙasa, suka dawo gari suna zaman haya. Nakiya kuwa ba ta san an yi sulhu ba, yaƙin Kambodiya ya ƙare tun kafin a haifi iyayen wasu yaran da take kashewa yau.

Amma kada mu yi wa kanmu romon baka. Gafiya ba ta aiki inda ake harbi, sai an sami natsuwar da za a auna fili a ja igiya. Zafi yana wahal da ita, da sassafe kawai take fita, har mai ake shafa mata a kunnuwa da wutsiya saboda rana, balle a nan inda zafin Afrilu yake haura digiri 40. Kazalika yawancin abin da ake binnewa a hanyoyinmu haɗin hannu ne, wanda ba lalle sinadarinsa ya zama irin wanda aka koya mata ba, sai an sake mata karatu. Duk da haka ranar sharar ƙasa tana zuwa in Allah Ya yarda. Kamaru ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta 1997 wadda ta haramta nakiyar taka-ka-mutu, kuma ta wajabta wa kowace ƙasa share nata filayen. Muna kira ga farafe da magadan gari da sarakunanmu su fara tun yanzu rubuta wuraren da abin ya taɓa tashi, da sunayen gonakin da aka bari, don ko gafiya ce za ta zo, ko kare, ko na'ura, da wannan takarda za a fara.

Sai ku yara masu ɗana tarko. Ɓeran da kuke gani a waya an haife shi a keji ne, kakanninsa ma haka, tun ƙarni na 19 a Ingila. Na bayan rumbu wani abu ne daban. Wani irinsa shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lasa a fitsarinsa da kashinsa, ciwon da aka fara ganowa cikin 1969 a garin Lasa na jihar Barno ta yau, ba nisa da duwatsun nan namu na Mandara ta ɓangaren Nijeriya. Cikin 2003 kuma dabbobin da aka kai Amurka daga Gana, har da gafiya, su ne suka kai musu ƙyandar biri. Don haka a rufe hatsi, a toshe ramuka, kada a shanya gari a ƙasa, wanda ya taɓa mushen ɓera ya wanke hannu da sabulu. Addini ma ya ba da damar kashe ɓeran gida saboda ɓarnarsa, kamar yadda Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo. Yaron da yake son gwada hannunsa, ga ɗan akuya nan ga tantabara, dabarar ɗaya ce, kuma za su koya.

Magana ta ƙarshe ga iyaye da malamai, na allo da na lakwal. Dabbar da muka fi rainawa an koya mata aikin da kuskure ɗaya a cikinsa yake cin rai, kuma ba a taɓa ɗaga mata tsumagiya ba. An rarraba mata darasi gwargwadon ƙarfinta, an yaba mata a lokacin da ta yi daidai, an taƙaita zama kafin ta gaji. Yaranmu sun fi gafiya hankali nesa ba kusa ba, amma da yawansu suna gudun makaranta saboda bulala, wasu su ƙare a tasha, wasu kuwa a hannun waɗanda suka binne mana abin nan a hanya. Ba mu ce a bar tarbiyya ba. Muna roƙo dai malam ya gwada wata guda, yaron da ya kawo hadda daidai ya ji madalla a gaban 'yan'uwansa tun bai zauna ba, wanda ya kasa a rage masa a sake biya masa. In an ga bambanci a rubuto mana, in ba a gani ba ma a rubuto, za mu buga.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gonarsa. Mu kwana nan, sai watan gobe in Allah Ya kai mu.