Jif Mai Ciki Biyu: Nawa Take Sha A Hanyar Maigatari?

 Tun ran 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan ko wane mai mota ya koma malamin hisabi. Mutanen bakin iyaka kuwa sun riga kowa ɗanɗana wannan zafi, gama tun a watan Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta taɓa hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Maigatari kuwa a kan iyakar take. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in attajirin Gumel ya kasa kunne sa'ad da dillali ya ce masa an fito da babbar jif ta alfarma wadda lita ɗaya ke kai ta kilomita 100.

Motar gaskiya ce, akwai ta. Ciki biyu gare ta. Ɗaya injin fetur irin wanda muka sani, ɗayan kuwa injin lantarki ne mai cin wuta daga wani babban batir da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta. Ana jona ta a bango a yi mata caji kamar wayar hannu. Muddin da wuta a batir, sai ta tafi shiru ba hayaƙi. In ta ƙare, sai injin fetur ya karɓi aiki. Ku ɗauki Lexus RX 450h+ misali. Batirinta yana ɗaukar yunit 18 da ɗan ɗoriya, watau irin yunit ɗin da kuke saya wa mitar gida, yana kuwa kai ta kamar kilomita 60. Takardarta ta Turai ta ce tana shan lita 1.1 a kilomita 100. Ta Range Rover ma, mai batirin yunit 38, takardarta ba ta kai lita ɗaya ba.

To, wannan lissafi da wane mudu aka auna shi? Fatake sun sani mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, wanda kuwa ya sayi gero da babban mudu ya sayar da ƙarami ba ƙarya ya yi a ƙidaya ba. A ɗakin gwaji ake ɗora motar bisa na'ura, a tuƙa ta da cikakken batir har ya ƙare, a rubuta. Sa'an nan a sake tuƙa ta da batir fanko, a rubuta. Kana a gauraya lissafin biyu, bisa zaton cewa galibin tafiyar mai ita gajera ce, kuma kullum dare yana yi mata caji. Zaton nan shi ne mudun. Su Turawan da kansu sun gano ya yi zurfi. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta duba abin da motocin da aka yi wa rajista a 2021 suka sha a kan titi, ta tarar irin waɗannan masu ciki biyu suna fitar da hayaƙi ninki uku da rabi na abin da takarda ta faɗa. Har an soma gyara hanyar awon daga 2025. Ku lura, wannan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Amurkawa sun fi sauƙaƙa wa mai saye, don suna rubuta abin da motar ke sha bayan batir ya ƙare. A awonsu Lexus ɗin nan tana shan kusan lita 7 a kilomita 100, Range Rover kuwa sama da lita 10, gama nauyinta ya haura tan biyu da rabi.

Yanzu mu kawo ta gida. Daga Kano zuwa Maigatari wajen kilomita 140 ne. Attajirin da ya yi sammako ran Alhamis don kasuwar dabbobi, zuwa da komowa ya ci kilomita 280. Batir zai raka shi kilomita 60 na fari, watau tun bai yi rabin hanyar zuwa ba ya sallame shi. Sauran 220 na fetur ne, lita 15 ko fiye. Takarda kuwa lita 3 ta yi masa alkawari. Wannan ma in ba a ɗora kaya ba, ba a kunna na'urar sanyi ba, wa kuwa zai bi hanyar Gumel da bazara, zafi ya haura digiri 40, gilashi a rufe ba sanyi? Har wa yau, hikimar motar ta mayar da ɗan wuta cikin batir duk sa'ad da aka taka birki a cunkoson birni take da riba. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta tsinana kome.

Batun wutar kanta shi ya fi damunmu, shi ne kuwa dillali ba ya taɓawa. A soket ɗin gida batirin nan yana son kamar awa 8 ana ba shi wuta ba yankewa. Wanda ke kan layin da ake kira Band A, kuɗin yunit ya koma naira 225 a watan Afrilu 2024, daga baya aka ɗan rage. Yunit 18 ya kama kamar naira 4,000, ya ba ka kilomita 60. Kilomita 60 ɗin nan da fetur lita 4 ne, a farashin ƙarshen shekarar nan naira 4,000. An yi canjaras ke nan. Wanda kuwa ya ce zai tayar da janareta ya yi caji, wannan ya ɗebo ruwa da kwando. Ƙaramin janareta da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita ɗaya, saboda haka zai ƙona kamar lita 9 a tsakar gida don ya tsere wa lita 4 a hanya, ga ƙara ta hana maƙwabta barci.

Kada a ce mun kushe motar. Akwai wanda ta yi wa daidai. Mutumin da ke zaune a Gumel, yana da faifan sola masu yawa a rufin gidansa, zirga-zirgarsa ba ta wuce Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ya komo, lalle wannan zai iya yin mako bai leƙa gidan mai ba. Rana kuwa Allah ya hore mana ita fiye da waɗanda suka ƙera motar. Sai dai ya sani sola ɗin da ke ɗaukar fanka da talabijin ba za ta cika cikin jif ba, kuma da rana ake samun wutar, lokacin da motar ke waje.

A nan ne muke kira ga masu riƙe da yankin cinikin Maigatari da aka yafe wa haraji, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Motocin fatake suna wuni a tsaye ran kasuwa, rana tana dukansu a banza. Da za a kafa rumfunan sola masu wurin caji, da na'ura mai ƙarfi wadda ke cika irin wannan batir cikin awa 3, da attajirin Kano ya koma gida ya rage lita 4, motarsa kuma ta wuni a inuwa.

Kafin wannan ya samu, malamai sun san hukuncin mai sayarwa da ya bayyana kyaun haja ya yi shiru a kan sharaɗinta, muna roƙo su riƙa tuna wa dillalai. Mai saye kuma kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tambayi abin da take sha in batir ya ƙare, a nuna masa a rubuce. In 'yar Kwatano ce, a jona na'ura a auna ƙarfin da ya rage wa batirin, gama zafi yana tsufar da shi, canjinsa kuwa miliyoyi ne. Ya kuma bincika ko akwai bakaniken da ya iya taɓa wutar da ta haura bolt 300 a kusa da shi, ko kuwa sai an ɗora motar a bayan wata an kai ta Kano.