Rasit ɗin kuɗin makaranta: faɗin takarda ba ƙaramar magana ba ce

Makarantu masu zaman kansu da dama a Maradi, Damagaram da Yamai sun fara barin littafin rasit mai kabon, sun koma ƙaramin inji mai fiddo takarda cikin ƙiftawar ido. Irin takardar ce da ake ba mu a farmasi, ko a wurin sayen wutar lantarki ta kati, ko a ofishin tura kuɗi. Ban ga laifin canjin ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a ƙofar mai karɓar kuɗi a watan Oktoba ya san amfanin sauri. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen injin da takardarsa ba tare da an tambayi me ake so rasit ɗin ya yi ba, kuma har tsawon wane lokaci.

Takardar nan girma biyu ta fi zuwa da shi. Akwai mai faɗin milimita 57, wadda wasu ke rubuta 58, akwai kuma mai faɗin 80. A jikin kwali za ka ga lamba biyu, kamar 57x40 ko 80x80. Ta farko faɗin takarda ce, ta biyu kaurin naɗin gaba ɗaya, daga gefe zuwa gefe. Inji ne ke yanke hukunci a kan duka biyun: naɗin da ya fi ramin injin kauri ba zai bar murfi ya rufe ba, takardar da ta gaza faɗi kuma za ta yi ta karkata tana cin rubutu. Ƙananan injina na hannu, masu batir, 57x40 suke ci. Na bisa tebur galibi 80x80. Ke nan zaɓin takarda tun ranar sayen inji ake yin sa, kuma a ranar ne yawancin daraktoci ke duban kuɗi kawai su ɗauki ƙarami.

Ni a ganina makaranta ta sayi mai 80, ko da ya fi tsada. Dalilina lissafi ne mai sauƙi. A rubutun da aka saba, layi ɗaya na takarda mai 57 harafi 32 yake ɗauka, na mai 80 kuwa 48. Mai shagon da ke sayar da sabulu da sukari harafi 32 ya ishe shi. Makaranta fa? Yaro a ƙasarmu da sunansa da na ubansa ake rubuta shi, sau da yawa har da na kakansa, kuma da rubutun Faransanci mai tsawo. Abdourahamane kaɗai harafi 13 ne. In aka haɗa uku irinsa, layi ya cika ya tumbatsa, sai manhajar ta yanke na ƙarshe ko mai karɓar kuɗi ya gajarta da kansa. Malamai kun fi kowa sanin yawan masu suna ɗaya a aji guda. Sunan kakan da aka yanke shi ne ke raba su. Bayan suna akwai aji, da shekarar karatu, da kashi na nawa aka biya, da abin da ya saura, da lambar rasit, sannan a bar fili na hatimi da sa hannu. Tura duk wannan cikin takarda mai faɗin yatsu uku kamar cusa buhun gero ne cikin taiki na awo biyar.

Za a ce ƙaramin inji ya fi araha, kuma yana da batir, in wuta ta ɗauke aiki ba ya tsayawa. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Makarantar da ba ta da tabbacin wuta, ta riƙe ƙaramin, amma ta sa a tsara rasit ɗin yadda suna zai ci layi biyu ba tare da an yanke komai ba. Takarda za ta fi saurin ƙarewa, don naɗin 57x40 da wuya ya kai mita 20, alhali 80x80 na kirki kan kai mita 70 zuwa 80. In aka yi lissafin shekara, arahar da aka gani a kanti tana raguwa sosai.

A wajen saye kuma a buɗe ido. Naɗi biyu na iya zama kauri ɗaya, tsawonsu ya bambanta. Wani bututun tsakiyarsa ne babba, wani takardar ce mai kauri, wani kuma an naɗa shi sako-sako. Matsa shi da yatsu: na kirki tauri gare shi kamar dutse. Tambayi mai kaya mita nawa ne, kada ka tsaya ga lambar kwali. In jan layi ya fara bayyana a gefen rasit, injin bai lalace ba, alama ce naɗin ya kusa ƙarewa.

Sai dai faɗi rabin maganar ne, kuma sauran rabin iyaye ya fi shafa. Injin nan ba shi da tawada ko ɗigo. Fuskar takardar ce aka shafa wa wani sinadari mai yin baƙi in zafi ya taɓa shi, kan injin kuma ɗumama shi kawai yake yi. Gwada da farce: ka karce fuskar da sauri, baƙin layi zai fito. To abin da zafi ya rubuta, zafi na iya ɓatawa. Rana tana kodar da shi, zafi mai yawa yana baƙanta takardar duka, mai da turare da ruwan wanke hannu mai barasa suna cinye rubutun, salatif da wasu ledoji ma haka. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Uba ya biya kashin farko a Oktoba, ya ninke rasit ya sa a aljihun gaba, ko a ƙarƙashin sirdin babur, ko uwa ta ajiye a cikin kwalla kusa da man shafawa. Watan Yuni, lokacin da ake tantance wanda ya cika kuɗi kafin a ba da sakamako, ko ana haɗa takardun BEPC, sai a zaro farar takarda fes. Makaranta ta ce ba ta gani ba, uba ya ce ya biya, a tsakani kuma yaro ne ke tsaye a bakin ƙofa. Jika talatin ko hamsin ba abin da magidanci zai sake biya don takarda ta kode ba ne.

Mafi ban tausayi shi ne mai ƙoƙarin kiyayewa. Ya ɗauki rasit ya kai a manna masa leda da injin zafi don kada ya lalace, ya fito baƙi ƙirin. Kada a yi.

Shi ya sa nake ganin nauyin yana wuyan makaranta. Ita ta zaɓi takarda mai gogewa, ita za ta tanadi shaidar da ba ta gogewa. Kowane biya ya shiga babban littafi da bik, da lambar rasit a gefensa, mai biya ya sa hannu ko ya dangwala. In akwai kwamfuta, a riƙa fiddo jerin biyan kowane wata a farar takarda ta ofis a ajiye. Mai karɓar kuɗi ya juya bayan rasit, wanda ba shi da sinadarin, ya rubuta lamba da adadin kuɗi da kwanan wata da hannu. Minti ɗaya bai cika ba. Ƙungiyar iyayen yara tana da hurumin neman wannan a taron farkon shekara, kuma daraktan da ke da gaskiya ba zai ƙi ba, tunda shi ma kariya ce gare shi daga mai cewa ya biya alhali bai biya ba.

Iyaye kuma, kafin ku bar harabar lakwal, ku ɗauki hoton rasit da waya, ku tura wa wani ɗan uwa ta WhatsApp don ko wayar ta ɓace. Wanda ba shi da babbar waya ya yi fotokofi a ranar, tun rubutun na da baƙi. Asalin kuma a sa shi cikin ambulan na takarda, a ɗaki mai inuwa, nesa da mai da rana.

Abu ɗaya ya rage, na masu karɓar kuɗi da ke wuni da takardar a hannu. Yawancin irin wannan takarda an daɗe ana haɗa ta da sinadarin bisfenol A, wanda Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi a cikinta tun Janairun 2020 saboda lafiyar masu taɓa ta kullum. Kwalin da ba shi da sinadarin yakan rubuta haka a jikinsa, kuma ya cancanci a tambaya. Kafin a samu, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma kada a bar ƴan aji ɗaya su kwashi guntayen rasit suna wasa da su a baki.