AWON TSADA DA AMFANIN NA'URORIN ƊAUKAR MURYA

Ga wata magana da ta kamata malamai da attajiran Kakuri da Makera da Barnawa su dube ta da idon basira. Sha'awar ɗaukar karatun Alkur'ani da tafsiri a na'ura ta yawaita, har makaranta ko masallaci kan tara kuɗi don gina ɗakin ɗaukar murya, watau situdiyo. Niyyar kyakkyawa ce. Amma da an zo saye sai dillali ya ce lalle sai mafi tsada, alhali kuwa kuɗin nan amanar jama'a ne, kuma akwai ranar da za a tambayi wanda ya kashe su.

Ga misali. Akwai makirufo na Jamus, Neumann U87, wanda aka fara ƙerawa a 1967, kuɗinsa ya haura dala 3,000. Akwai kuma Shure SM58 na Amurka, tun 1966, na kimanin dala 100. Watau kuɗin na farko guda ɗaya ya sayi 30 na biyun. Babu musu na Jamus ɗin ya fi kaifin ji. Amma kaifin jin nan shi ne aibinsa inda babu shiru, gama ba ya rarrabe muryar alaramma da rurin janareton maƙwabci ko ƙarar tirela a hanyar Kaciya. Duk zai kwashe su.

Imamu Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 ta Hijira, ya bayyana a cikin Muwafaƙat cewa maslaha hawa uku ce: larura, da buƙata, da ƙawa. Wannan ma'auni ya isa a auna kayan nan da shi.

Larura ita ce ɗaki mai shiru, wanda aka lulluɓe bangonsa da abu mai laushi don kada murya ta dawo, da wuta ta batir da hasken rana wadda ba ta yankewa kuma ba ta ƙara, da makaranci wanda ya kyautata tajwidi. Buƙata ita ce makirufo matsakaici, da akwatin da ke shigar da murya cikin kwamfuta, da ma'aikaci wanda ya san aikinsa. Ƙawa kuwa ita ce makirufon dala 3,000 da babban teburin haɗa sauti, wanda aka yi shi domin makaɗa masu yawa. Mai karatu guda ɗaya me zai yi da shi? Wanda ya fara da ƙawa ya bar larura, ya sayi sirdi ne bai tanadi doki ba.

Attajiran Kakuri ba sai an yi musu dogon bayani ba. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a unguwar a 1957 tana da manyan injuna na ƙetare, amma da wuta ta yi wuya, kasuwa kuma ta juya, sai ta rufe a 2002, tsadar injunan ba ta cece ta ba. Na'ura jari ce. In ba ta aiki kullum, ƙura da tsatsa ke cin ribarta, in kuwa ta lalace sai an nemo kayan gyaranta da dala.

Malamai kuma su tuna da tafsirin Shehu Abubakar Gumi, wanda Rediyon Kaduna ya riƙa watsawa daga Masallacin Sultan Bello. A cikin taron jama'a aka ɗauke shi, da tari da motsin mutane, aka yi ta kwafarsa a kaset. Malam ya rasu a 1992, amma ba a daina sauraronsa ba, domin ilmin da ke ciki a ke nema. Har ila yau, yawancin masu sauraro a ƙaramar waya su ke ji, inda fifikon makirufo mai tsada ba ya ko bayyana.

Amma fa kada a ɗauka an ce a sayi na banza. Araha ba ta ado. Na'urar da ba ta fitar da bambancin sodi da sin, ko ha ƙarami da ha babba, kuskure za ta koya wa almajiri. Akwai kuma aikin da ya cancanci mafi kyawun kaya. A Masar, Shehu Mahmud Halil Husari ya ɗauki Alkur'ani dukkansa da ruwayar Hafsu a 1961, sa'an nan da ta Warshu a 1964, ga shi har yanzu da su a ke gyara karatu. Irin wannan aiki a kan yi shi sau ɗaya ne, ya amfani jikoki.

Saboda haka, wanda ya nufi irin aikin Husari ya yi hayar situdiyo na ƙwarai na kwanakin da zai buƙata, ya biya, ya fito. Mai ɗaukar darasin kullum kuwa ya gyara ɗaki, ya tanadi wuta, ya sayi matsakaicin kaya, ragowar kuɗin a biya ma'aikaci, a kuma ajiye kwafin kowane karatu a wuri biyu ko uku don kada ya salwanta. Allah shi sa a riƙe amana, shi karɓi aikin masu yi dominsa, amin.