Soyayyar kazar Koriya: Darasi ga masu sayar da abinci a Kano ta Kudu

Duk matashin da ke kallon fina-finan Koriya ta Kudu a waya, a Bebeji yake ko a Doguwa, ya san wannan kazar: jawur da ita, tana ƙyalli, an barbaɗe ta da riɗi. Daga kallo sai kwaɗayi, har wasu in sun shiga Abuja ko Legas sukan nemi inda ake sayar da ita.

Ɗanɗana baƙon abinci ba laifi ba ne, amma a yi tambaya kafin a kai loma. Naman alade na da kasuwa sosai a girkin Koriya, wasu miyoyin kuma ana zuba musu giyar shinkafa. Ya kamata Musulmi ya san wa ya yanka kazar, a wane mai aka soya ta, me ke cikin miyar. Matambayi ba ya ɓata.

Ita kuwa suyar ba wani asiri a cikinta. Ana turbuɗa naman a garin sitaci a soya, a tsame ya huce, sannan a mayar da shi cikin mai mai zafi sosai. Suya ta biyun nan ce ke sa bayansa ya yi ƙaras-ƙaras. Sai a juya shi cikin miyar da ake yi da tafarnuwa da zuma ko sukari da gochujang, wato kwaɓin barkono da waken suya da shinkafa da ake ajiyewa ya tsumu, kamar yadda daddawa ke samun ƙamshinta.

To, wanne ne baƙo a nan? Tudun Wada ta yi suna a shinkafa. Ana noma masara da waken suya har Doguwa, barkono kuma na fitowa daga noman ranin da Dam ɗin Tiga ke shayarwa. Abin da Koriyawa ke kira dubu, ai awara ce.

Inda suka yi zarra shi ne talla. Gwamnatinsu ta buɗe cibiyar al'adu a Abuja a 2010, a 2013 kuma UNESCO ta sa al'adarsu ta haɗa kimci, wato kabeji mai tsami da yaji, cikin kayan gadon duniya. Fim da waƙa suka ƙarasa aikin.

Nan darasin yake. A Kwanar Ɗangora da ke Kiru, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, matafiya ba sa yankewa. Mai kazar da ya koyi suya biyu, ya daina maimaita tsohon mai, ya rufe kayansa daga ƙura, ya ɗora bidiyonsa a TikTok, zai ja matasan da ke kai kuɗinsu birni. Ribar za ta kai ga matar da ta yi kiwon kazar da manomin da ya noma barkonon.

In kimci ya zagaya duniya, dambun nama da kilishi ma ba su rasa ƙafa ba. Mai tallata su suke jira.